Hannun da Ka Ɗora a Ƙirji

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Ya karatu, ya haƙuri da mu? Goggo tana gaishe ka. Ƙafar tata ta yi sauƙi, har tana zuwa bakin famfo da kanta, sai dai idan ta ga ina kallo ta ƙara ɗingishi don in karɓi bokitin. Akuyarka ta haihu, ɗan ya fito da farin kunne.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta. Na gwammace in ba direban motar safe takarda da in yi magana a wayar Goggo, don duk sanda ka kira sai ta jawo kujera kusa da ni ta hau tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Shi ya sa kake jin ina ta cewa to, to. Ba fushi ba ne.

Ni dai har yanzu ban saba da garin nan naku ba. Lungunan duk kama suke yi mini. Shekaranjiya na ɓata daga kasuwa, sai mai gyaran takalmi ne ya nuna mini hanya, yana cewa ga matar lauya ta rasa gidan lauya. Haka suke kirana. Na ce musu karatun kake yi a jami'a, ba ka gama ba, ba sa ji. Matar maƙwabcinmu har ta zo tana tambayata wai idan reshen mangwaronsu ya shigo gidanmu, 'ya'yan na waye. Ni da ban san ta inda ƙofar kotu take kallo ba!

Yaya, maganar tsohuwar nan da ka rubuto ta tsaya mini a rai. Wadda ɗan ƙanenta ya ce ta zauna a ɗakin gidansa har ƙarshen ranta, daga baya ya sayar da gidan, sabon mai gidan kuma zai fitar da ita. Ka ce kai aka ba ka tsaya mata a kotu. Don Allah ka tsaya da kyau. Alkawari kaya ne, ba a sauke wa tsohuwa shi a kan hanya. Tana da mai dafa mata abinci kuwa? Na sa mayafina ruwan toka a cikin ledar nan, ka ba ta, ka ce wata 'yarta ce take gaishe ta. Kada ka gaya wa Goggo, ita ta saya mini.

Kuma ban manta da abin da ka faɗa mini a bakin ƙofa ranar da za ka tafi ba, cewa kafin damina ta ɗauke za ka nemo mana ɗaki in zo mu zauna tare. Ba tuni nake yi maka ba. Kawai dai idan hadari ya haɗo ina fita in duba, ni kaɗai ce a unguwar nan nake so ruwa ya yi ta zuba, kuma ina so ya ƙare.

Taka,
Auta

*

Auta tawa,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai 'yar mura. Ki gaishe da Inna, Goggon taki, ki ce ta rage wa matata aiki.

Wallahi na yi dariya har Dogo, abokin ɗakina, ya ce ko a kira mai ruƙiyya. Auta, babu tsohuwa! Malaminmu ne ya ƙirƙire ta, da ita da ɗan ƙanen nata da gidan gaba ɗaya. Kotun gwaji ake ce wa abin. Ana ba ɗalibai ƙarar da ba ta faru ba, mu sa baƙar riga, malami ya zauna a matsayin alƙali, mu yi ta gardama kamar da gaske, sannan a ba mu maki. Da haka ake koyon tsayuwa gaban alƙali kafin a damƙa wa mutum rayuwar wani. Laifina ne, na rubuta miki cikin sauri ban yi bayani ba.

Mayafin kuwa, tunda mai shi ba ta duniya, na gaje shi. Yana ƙarƙashin filona. Dogo ya ce tunda mayafin ya zo na daina munshari.

Ga magana mai daɗi. Za a yi zaman kotun ƙarshen watan nan, kuma an yarda 'yan'uwa su shiga kallo. Ki zo. Na yi magana da yayar Dogo, ma'aikaciyar jinya ce, wurinta za ki sauka, don ɗakinmu na maza ne zalla. Ina so ki gan ni a cikin rigar nan, ko da ta aro ce. Gani ya kori ji.

Maganar ɗakinmu tana nan, ana kai.

Naki,
Yaya

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya. Goggo lafiya. Akuya da ɗanta lafiya. Ka yi wa yayar Dogo godiya, ta yi mini hidima, Allah ya saka mata.

Ka yi haƙuri na taho da motar safe ban jira ka fito daga aji ba.

Allah ya ba da sa'ar karatu.

Auta

*

Auta,

Wannan wace irin takarda ce? Na juya bayanta ina neman sauran. Lafiyar akuya ta samu layi guda, ni ban samu ba.

Na dawo daga aji da gudu, na sayo miki 'yan kunnen da kika tsaya kallo a bakin ƙofar makaranta, sai yayar Dogo ta ce kin tafi. Ruwa ba ya tsami banza. Na yi ta lissafi. Ko don ban samu zama da ke sosai ba ne? Kin ga yadda kwanakin suka kasance. Ko 'yan ajinmu ne da suka yi ta tsokanarki da maganar mayafi? Wallahi sonki ne ya sa, duk ajin an san labarinki. Ko wani ya yi miki kallon raini? Ki faɗa mini waye.

Na kira wayar Inna, ta ce kina wanki. Na sake kira, ta ce kina wanki. Kayan mutum nawa ne a gidan?

Ban ma samu na gaya miki ba, ni na zo na biyu a ajin gaba ɗaya. Malam ya ce rana ta biyu na fi ƙoƙari. Na ɗauka za ki yi murna.

Ki rubuto, don Allah.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata murar ta sake ka. Ina taya ka murnar makin da ka ci. Na daɗe ban amsa ba don na rasa ta inda zan kamo maganar. Ba wanda ya raina ni. 'Yan ajinku mutanen kirki ne. Zan faɗa maka yadda na gani, idan shirme ne ka yi mini uzuri.

Rana ta farko da na shiga ɗakin nan mai dogayen benci da fankoki a sama, na zauna can baya kusa da yayar Dogo. Da ka miƙe a cikin baƙar rigar, hannunta ya yi maka tsawo kana ta naɗewa, sai na ji kamar in tashi in ce wa kowa nawa ne. Turancin ba na ji sai tsinci-tsinci, ita ce take raɗa mini a kunne. To tunda kunnena bai da aiki, sai na zuba maka ido. Na ga lokacin da ka zo kan alkawarin da aka yi wa tsohuwar. Ka yi shiru, ka kalli ƙasa. Sannan ka ɗago, ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka sassauta murya. Yayar Dogo ta ce mini, "Cewa yake yi maganar mutum ita ce mutum, ko an rubuta ko ba a rubuta ba." Yaya, na san babu tsohuwar, ka riga ka gaya mini, amma sai da na yi kuka. Na ce a raina Allah na gode maka.

Washegari muka dawo. Sai na ga ka zauna a ɗaya teburin. Na ce da ita, "Yaya ya ɓata wurin zama."

Ta ce, "A'a, yau shi ne lauyan wanda ya sayi gidan."

Na ce, "Wanda zai kori tsohuwar?"

Ta ce, "Shi fa."

Na ce, "To me ta yi masa tsakanin jiya da yau?"

Ta toshe baki tana dariya har benci yana motsi. Ta ce, "Amarya, haka dokar wasan take. Kowa sai ya tsaya wa kowane ɓangare. Lauya ai motar haya ce, wanda ya hau shi ake kaiwa."

Na ce to bari in gani, ai dole yau jikinka ya yi sanyi, ka yi maganar sama-sama don a wuce wurin. Sai ka miƙe. Ka yi ta magana, Malam yana gyaɗa kai. Can sai ka yi shiru, ka kalli ƙasa. Tun kafin ka ɗago na san abin da za ka yi. Ka ɗago, ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka sassauta murya. Na damƙe hannunta na ce me yake cewa. Ta ce, "Cewa yake yi alkawarin da aka yi da baki, ba takarda, ba shaida, ba ya ɗaure kowa." Aka tafa maka.

Yaya, ranar da za ka tafi, a bakin ƙofarmu, da ka ce kafin damina ta ɗauke za ka zo ka ɗauke ni, haka ka yi. Ka yi shiru, ka kalli ƙasa, ka ɗora hannun nan a ƙirji, ka sassauta murya. Ni na ɗauka nawa ne ni kaɗai. Da shi nake kwana, da shi nake tashi a gidan da ban san kowa ba sai Goggo. Kuma ranar ba takarda, ba kowa a wurin sai akuya.

Ban ce ƙarya ka yi mini ba. Ban sani ba ne kawai, kuma da ban san akwai abin da zan sani ba. Idan hannun yana hawa ƙirjin don a bar tsohuwa, yana kuma hawa don a kore ta, ni ta yaya zan gane ranar da ya hau da gaske?

Jiya ruwan da aka yi bai ko jiƙa tsakar gida ba.

Auta

*

Auta tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta, kuma na fahimci damuwarki. Bari in warware miki ita dalla-dalla.

Na farko, abin da na faɗa a kotun gwaji ba ra'ayina ba ne, aikin da aka ba ni ne. Na biyu, ko wanda ya sayi gidan yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, in ba haka ba alƙali da kunne ɗaya zai yanke hukunci. Na uku, wanda bai san hujjar abokin gabarsa ba, ba zai iya kare nasa ba. Don tsofaffin gaske nake koyon wannan.

Amma kin yi gaskiya a wuri guda, maganarmu ba ta da shaida. To na gyara. Ga takarda nan a haɗe, na rubuta alkawarin da hannuna, cewa zan samar miki wurin zama in ɗauko ki. Na sa hannu, Dogo da yayarsa sun sa hannu a matsayin shaidu, har tambarin wakilin ajinmu na sa aka buga. Yanzu ko ni kaina ba zan iya rushe ta ba. Ki adana ta, hankalinki ya kwanta.

Naki har kullum,
Yaya

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, amma saura kaɗan ka kashe Goggo. Ita direban ya miƙa wa saƙon. Ka san ba ta karatu. Ta buɗe ta ga takarda daga miji zuwa mata, da sa hannun shaidu biyu da tambari, sai ta zauna dirshan a tsakar gida tana salati, wai ka sake ni. Sai da maƙwabta suka shigo. Dole na tsaya gaban matan unguwa na karanta musu abin da ke tsakanina da kai, ina haɗa baƙi da ƙyar. Da na gama, Goggo ta share hawaye ta ce, "Au, wai so ne wannan? Karatun nan ya ci wa yaron nan kai."

Ga takardarka nan na mayar maka. Na farko da na biyu da na ukunka duk na yarda, ka fi ni sani, ba zan iya gardama da kai ba. Ka ci wannan shari'ar ma. Amma ni ba ƙararka na kai ba. Idan ranar ta zo ba ka zo ba, wurin wa zan kai takardar? In tsaya gaban alƙali in ce a tilasta masa ya yi kewata?

Tambaya ɗaya na yi maka, ka aiko mini da shaidu.

Auta

*

Yaya,

Motar safe ta zo ta koma ban san sau nawa ba. Direban yanzu daga nesa yake girgiza mini kai don kada in sha wahalar ƙarasawa. Idan maganata ta yi zafi ka yafe mini. Ko layi ɗaya ne ka rubuto in san kana lafiya. Goggo ta fara shanya kaya a waje ba ta duba sama.

Auta

*

Auta,

Lafiyata lau. Ki yafe mini shirun.

Na fara rubuta miki sau da yawa ina yagawa. Duk abin da na rubuta, kafin in kai ƙarshen layi sai in ji na san yadda zan rushe shi. Abin da ake koya mana ke nan, kuma na iya. Ban taɓa jin tsoronsa ba sai yanzu.

Na tambayi Dogo ko da gaske ina ɗora hannu a ƙirji. Ya ce kullum, har idan ina roƙonsa sabulu. Ban san ina yi ba. Tambayarki ba ni da amsarta. Duk wadda zan ba ki, da bakin nan dai zan ba ki.

Ga abin da ke akwai. Na nemi ɗaki tun kafin ki zo kallon kotu. Na kusa da makaranta sun fi ƙarfina. Ɗaya ne na samu, a bayan shagon wani tela, da can nan yake ajiye yadi. Ƙarami ne, katifa da risho kawai zai ɗauka. Tagar ba ta fi faranti ba. Rufin yana yoyo ta kusurwa guda. Keken ɗinki yana ƙara tun safe har yamma, banɗaki kuma na haɗaka ne da mutanen gidan. Na je na duba shi na fita, na koma na fita. Kunya nake ji a ce nan na kawo ki, ke da ake kira matar lauya. Shi ya sa nake ce miki ana kai. Telan ya ce in ba shi amsa kafin ƙarshen mako, akwai mai so.

Ban ce yana da kyau ba. Ba zan ce miki ki zo ba, don na san zan iya faɗarsa yadda za ki yarda.

Ina kewarki. Wannan ma ban san yadda zan tabbatar miki ba.

Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Wannan takardar taka duk goge-goge ce, wani wurin da ƙyar na karanta, ka fi ni munin rubutu. Na karanta ta har ta fara yagewa ta wurin ninki.

Ka je wurin telan yau ka ce ka karɓa. Kusurwar da take yoyo a sa mata bokiti, ai ruwan ma ya kusa ƙarewa. Ƙarar keke ba ta kai ƙarar shirun gidan nan ba. Ka tambaye shi ko yana son mai sa maɓalli da kalmasa, na iya.

Na gaya wa Goggo. Ta ce daman ƙafarta ta warke tuntuni. Ta juya baya tana ta goge tukunyar da na riga na wanke. 'Yar maƙwabta za ta riƙa kwana wurinta, amma duk da haka ka riƙa kiranta, kuma ka bar ta ta yi maganarta har ta gaji.

Tambayar tawa tana nan, ban jefar da ita ba. Na ga dai ba daga nesa ake amsa ta ba, kuma ba da baki ba. Zan zo in zauna inda zan riƙa ganinka safe da yamma, a hankali zan gane da kaina.

Na yi magana da direban, ya ajiye mini wuri a motar jibi. Ka zo tasha. Idan na sauko kada ka ce komai, Yaya, ko sannu da zuwa. Jakar tana da nauyi, har da tukwane a ciki. Ka sa hannu biyu ka ɗauka, ka wuce gaba, zan biyo ka.

Taka,
Auta